Farar Hanya a Allon Mama

Ku yi mini afuwa tun ban fara ba. Ni mai karatu ce, ba mai rubutu ba, kuma yau ne karo na farko da na yi ƙarfin halin zama in ce zan ba da labari. Ko a aji, in malama ta kira sunana sai in ji harshena ya yi nauyi. Mama ce ya kamata ta faɗi wannan, don ita ta san jirgi da iska, amma na san ba za ta faɗa ba. Saboda haka in kun ga na yi tuntuɓe a wani wuri, ko na kira abu da sunan da ba nasa ba, ku ɗauke kai, ku bar ni in kai ƙarshe.

Sunana Yasna. Kakana na wajen uwa shi ne Don Aladino Cárcamo, amma mu Tata muke ce masa. Tun shigowar sanyi aka kwantar da shi a asibiti a Coyhaique, babban garin yankinmu, huhunsa ya gaji da aiki. Ran da likitoci suka kira Mama gefe suka ce mata abin da ya rage sai a sauƙaƙa masa, Tata bai tambayi kowa me aka ce ba. Abu ɗaya ya roƙa. Ya ce a mayar da shi Bagual, gidansa da ke can ƙarshen tafki, inda ya yi kiwon tumaki tun yana saurayi, inda kuma kakata take kwance a gindin itatuwan alamo. Ya ce shi bai ƙi mutuwa ba, amma ba ya so ta same shi a ɗakin da tagarsa ke kallon wurin ajiye motoci.

Ta ƙasa, zuwa Bagual tafiyar wuni biyu ce: mota a kan tsakuwa har inda hanya ta ƙare, sannan jirgin ruwa, in iska ta yarda. Likita ya ce ba zai kai ba. Ta sama kuwa, in ka tashi da hantsi, kafin tsakar rana kana zaune a kicin ɗin gidan kana shan mate, shayin ganyen da muke sha a ƙoƙo. Mama kuma matuƙiyar jirgi ce. Ismenia Cárcamo, duk kudu an san ta, Kyaftin ake ce mata. Ƙaramin jirgi mai inji ɗaya take tuƙawa, irin mai fiffike a sama, tana ɗauko marasa lafiya daga ƙauyuka, tana komawa da magani da kayan masarufi, wani lokaci har da 'yan tsaki a kwali. A gabana ta riƙe hannun Tata ta ce masa za ta kai shi gida. Da kunnena na ji.

Ni aikina a asibitin shi ne karatu. In an tashi makaranta sai in wuce can da littafi, in zauna a bakin gadonsa in karanta masa. Malama yake kirana, saboda tabarau ɗina. Yakan saurara ido rufe, can sai ya ce, "Malama, mutanen littafinki ba su da aikin yi ne? Tun shekaranjiya suke zance, ban ji wanda ya tashi ya ba kare abinci ba." Amma in na rufe littafin sai ya ce wa ya ce in tsaya.

Sai sama ta rufe. Kwana da kwanaki ana ruwa, duwatsu sun ɓace, Tata kuma kullum yana raguwa.

A nan sai na yi ɗan bayani, ko da yake Mama za ta fi ni iyawa. Abin da matuƙa suka fi tsoro a wajenmu ba iska ba ce, duk da iskarmu tana yaye rufin gida. Ƙanƙara ce. Ba wadda take zubowa ka gan ta ba, a'a, wadda take ɓoye a cikin gajimare. Ruwa ne da ya yi sanyin da ya isa ya daskare amma bai daskare ba, yana rataye yana jiran abin da zai taɓa. Da jirgi ya shiga, sai ya manne a fiffike da farfela da gilashi. Fiffike ya yi nauyi, siffarsa ta lalace, ya daina ɗaukar jirgin. Manyan jirage suna da abin narkar da ita. Na Mama ba shi da shi.

A da, tun ina ƙarama ina bin ta filin jirgi, na san yadda take yi. Takan tsaya a ƙofar rumfar jirage ta daɗe tana kallon kudu. Sannan ta shiga ta kunna rediyo ta tambayi wanda ya riga ta tashi abin da ya tarar. Haka matuƙan nan suke yi wa juna: duk wanda ya shiga gajimare ya fito, sai ya faɗa wa na baya a ina ne, a wane tsayi, ƙanƙarar laushi gare ta ko tauri. In gajimare ya zauna a kan duwatsu, kuma babu wanda ya je ya dawo da labari, sai Mama ta ɗora buta a wuta. Shi ke nan, an fasa. Ko wa ya zo yana roƙo, mate za a miƙa masa.

Bara aka saka wa jirginta allo. Wani ɗan gilashi ne a gaban matuƙi, yana nuna taswira, da hoton jirgin ɗan mitsitsi yana tafiya a kai, labarin yanayi kuma yana sauko masa daga tauraron ɗan'adam. Inda ake zaton ƙanƙara kaɗan, sai wurin ya yi shuɗi-shuɗi. Inda ake zaton mai yawa, shuɗin ya yi duhu. Inda babu, fari. Mama ta so allon nan, kuma ba zan zalunce shi ba, ya yi mata rana sau da yawa. Ta taɓa ce mini kamar ka sami wanda zai hau sama ya leƙo maka ne kafin ka ɗaura takalmi.

Ƙanen Mama, Kawu Floridor, shi ke riƙe da tumakin a Bagual. Tunda aka kafa masa farantin intanet a rufin gida, shi ma yana ganin irin wannan hoton a wayarsa. Kullum da safe sai ya kira. A safiyar da nake ba ku labari, muna rumfar jirage ni da Mama, ta saka wayar a amsa-kuwwa don hannunta duk mai ne.

"Kyaftin, kin tashi, ko har yanzu ana shan mate?" in ji shi. "Duba allonki. An share miki hanya tun daga ƙofarki har bakin garkena. Ko sai na aiko da masu kiɗa su rako ki?"

"Kai da dokinka ma sai ya ga dama yake kai ka gida," in ji Mama, "yau kai ne malamin sama."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Sai ya rage murya. "Ismenia, tun jiya na hura masa wuta a ɗakinsa. Kada ki bari ya cika a hannun baƙi."

Mama ta goge hannu ta hau jirgin ta kunna allon, ni kuma na leƙa ta bayanta. Gaskiyar Kawu ce. Shuɗi mai duhu ya kwanta a yamma, a kan babban filin ƙanƙarar da ba ta narkewa, wani kuma ya kwanta a gabas, a kan duwatsun iyaka. A tsakaninsu ga wani farin zare ya miƙe kudu, yana bin kwarin kogi, kamar da gangan aka ja shi. Ta kira a rediyo. Aka ce mata babu wanda ya yi kudu a ranar, babu labarin kowa. Ta sauko ta je ƙofar rumfa ta kalli duwatsu. Gajimare yana zaune a kansu. Na zaci butar za ta ɗauka. Sai ta koma ta sake kallon allon, ta ja farin zaren da yatsa tun daga sama har ƙasa, ta ce in kira asibiti su kawo shi.

Ana bukatar wanda zai zauna kusa da Tata ya kula da tukunyar iskar da yake shaƙa, kuma ma'aikaciyar jinyar da ta saba bin Mama tana can wani aikin. Na ce zan iya, na koya a asibiti. Mama ta kalle ni, ta buɗe baki kamar za ta ce a'a. Ta sake juyawa ga allon. Sannan ta ce in saka babbar rigar sanyina.

An cire kujerun gefen dama aka shimfiɗa Tata a nan, aka tayar masa da kai daidai taga. Ya ƙi yarda a tashi sai da aka saka masa hularsa aka ɗaura masa ƙyallen wuyansa, wai ba zai shiga gidansa da kayan asibiti karnuka su yi masa haushi ba. Ni na zauna a bayan Mama, na saka abin kunne da muke jin juna da shi. Tata bai saka ba, saboda igiyar abin shaƙar iskarsa.

Farkon tafiyar ban taɓa ganin irinta ba. Muka bi ƙarƙashin gajimare, muka ƙetare babban tafki, ruwan nan kore shar kamar an zuba masa shuni da madara. Tata ya manna goshi a taga yana nuna mini wurare da yatsa: inda ya taɓa kwana uku da garke yana jiran kogi ya sauka, inda wani abokinsa ya rasa doki. Ba na jin abin da yake cewa, amma ina gyaɗa kai. Rabon da in ga idonsa haka tun kafin ya kwanta.

Da muka wuce garin Cochrane sai kwarin ya fara matsewa, gajimare kuma ya fara saukowa. Mama ta hau sama don ta bi ta tsakanin hawa biyu na gajimaren, ɗaya a ƙasanmu, ɗaya a samanmu. Muka yi ta tafiya a wannan rata, ratar tana ƙanƙancewa, har ta rufe. Ko'ina ya zama toka-toka kamar jiƙaƙƙen ulu. Ban ji tsoro ba a lokacin, don ina hango allon ta kan kafaɗar Mama, ga ɗan jirginmu nan a tsakiyar fari, shuɗin yana can nesa dama da hagu.

Akwai wani ƙarfe da ya tokare fiffike daga jikin jirgin, yana daidai tagar Tata. A kansa na fara gani. Wani siririn layi ne fari, kamar an barbaɗa sukari a bakin ƙarfen. Na gyara tabarau na sake dubawa. Layin ya daina zama fari, ya koma garau kamar gilashi, yana kumbura, yana fitar da wasu 'yan ƙahoni. A gefen fiffiken ma haka. Ƙarar injin ta sauya, jirgin ya fara wata 'yar rawa da nake ji a haƙorana.

Tata ma ya gani. Mutumin da ya shekara da shekaru yana fasa ƙanƙara a kwamin shan ruwan dabbobi ba sai an gaya masa ba. Ya jawo hannun rigata. Na sunkuya, na ɗaga abin kunnen gefe ɗaya, shi kuma ya janye abin shaƙar daga bakinsa ya kawo leɓensa kunnena.

"Malama, saura ƙiris. Bayan dutsen nan ne gida. Uwarki za ta tambaye ki. Ki ce mata babu komai."

Ya mayar da abin shaƙar, ya riƙe hannuna. Hannun nan da ya zama ƙashi da fata, ban san akwai sauran ƙarfi haka a cikinsa ba.

Ban gama mayar da abin kunnen ba na ji muryar Mama, a natse, kamar tana tambayata ko na rufe ƙofa. "Yasna, duba mini ƙarfen fiffike na gefen Tata. Me kike gani?"

Ban san ko na daɗe ba, amma a raina na daɗe. Na kalli allon, fari ne, har Bagual. Na ce a raina wataƙila shi ya fi ni sani, ni wace ce, yarinyar da ko allon aji ba ta gani sai da tabarau. Wataƙila wannan 'yar ƙanƙarar ba komai ba ce, yanzu za mu fita daga cikinta. Na tuna wutar da Kawu ya hura. Tata bai taɓa roƙona komai ba a duniya, kullum shi ne mai ba ni. Yana kallona, ba da fushi ba, kallon mai jira. Sai na sake duba ƙarfen, na ga a ɗan wannan tsakanin ma ta ƙaru.

Na ce, "Akwai ƙanƙara, Mama. Ta kai kaurin yatsana, kuma ƙaruwa take yi."

Mama ta fara juya jirgin. Tata bai ji abin da na faɗa ba, amma ya ga bakina, kuma ya ji fiffiken hagu ya sunkuya. Ya saki hannuna a hankali, ya mayar da fuskarsa ga taga.

Juyawar nan ita ce abu mafi tsawo da na taɓa zama a cikinsa. Mama ba ta yi ta da gaggawa ba, a hankali ta karkata jirgin kamar mai ɗauke da kwanon da ya cika da ruwa. Ta ba injin wuta duka, amma jirgin sai ƙasa yake yi, ya yi nauyi kamar saniyar da ta faɗa laka. Gutsattsarin ƙanƙara suna tsinkewa daga farfela suna dukan jikin jirgin kamar ana jifanmu. Gilashin gaba ya rufe ruf. Na san akwai duwatsu dama da hagu, ba na ganinsu, kuma a nan allon ne ya riƙe mu a tsakiyar kwarin, shi ya nuna wa Mama inda kogi yake. Na ji tana magana a rediyo, tana faɗin inda muke da tsayin da muke, tana cewa ƙanƙara ce mai tauri, mai saurin kamawa, duk wanda ke da niyyar kudu ya zauna. Muryarta ba ta yi rawa ba. Ni kuwa ina riƙe da tukunyar iska da hannu biyu ina karanta duk addu'ar da na iya.

Can sai toka-tokan ya yage, ga kogi a ƙasanmu, kusa ƙwarai, har ina ganin kumfarsa. Ruwan sama ya fara dukanmu, ruwa na gaske, mai gudu. Ƙanƙarar ta fara sulɓewa daga fiffike falle-falle. Mama ta sauka a Cochrane tana leƙen titi ta tagar gefe, don gaban bai gama washewa ba.

Motar asibitin garin ta zo ta ɗauki Tata. Bai kalli kowa ba. Kafin mu bi su, Mama ta zagaya ƙarƙashin fiffike, ta miƙa hannu ta ɓalle sauran ƙanƙarar da ta maƙale a wani lungu. Ta riƙe ta a tafin hannu tana kallo har ruwa ya fara bin hannun rigarta. Ta ƙofar jirgin da ke buɗe ina hango allon, ba a kashe shi ba. Farar hanyar tana nan yadda take.

Na tambaye ta ko ƙarya ya yi mana. Ta ce a'a, abin da ya sani ya faɗa. Ta ce allon ba ido ba ne, lissafi ne ake yi a wani wuri mai nisa a aiko, kuma kafin ya iso sama ta riga ta sauya. A kudu kuma na'urorin awo ba su da yawa, in babu wanda ya shiga ya faɗa, farin nan ba ya nufin babu ƙanƙara, yana nufin ba a sani ba. Ta ce duk ta san wannan, ita ce ma take koya wa sabbin matuƙa.

Sai ta jefar da ƙanƙarar ta juyo gare ni. "Na gan ta a gefena tun kafin in tambaye ki."

Na ɗago na kalle ta, ta ci gaba.

"Idona ya ce akwai, allo ya ce babu. Na so in sami wanda zai goyi bayan allo. Da kin ce babu komai, da na ci gaba." Ta kama kafaɗuna, hannunta da sanyi. "Bai kamata in ɗora miki ba. Kuma da babu allon nan, da ko rumfa ba mu fito ba, balle in saka ki a ciki."

Ban gaya mata abin da Tata ya raɗa mini ba. Ita ma ba ta tambayi dalilin da ya sa na jinkirta amsa ba.

A ɗan asibitin Cochrane aka ba shi gado kusa da taga. Yawanci barci yake yi. Mama tana fita tana kallon sama tana dawowa, amma sama ta rufe gaba ɗaya, yanzu har allon ma ya yarda. Ni ina zaune a gefe da littafi a cinya ban buɗe ba. Da yamma ya farka, ya tambayi ina tagar take kallo. Na ce kudu. Ya ce a ɗan juya masa gadon. Da aka juya, ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin gilashi. Sannan ya kalle ni ta gefen ido.

"Malama," ya ce, "ke dai ba a aikenki."

Ban gane ko wasa yake yi ba, ko da gaske. Har yau ban gane ba. Bakinsa ya ɗan motsa, amma abin shaƙar ya rufe. Na ce masa in karanta? Bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai na karanta. Washegari da hantsi ya cika, Mama tana riƙe da hannu ɗaya, ni ɗaya. Allah ya ji ƙansa.

Ta ƙasa muka kai shi Bagual, mota sannan jirgin ruwa, irin tafiyar da aka ce ba zai iya ba. Maƙwabta suka zo a kan dawakai da kwale-kwale. Babu fada, wato limamin coci, a kusa, wata tsohuwa maƙwabciyarsa, Doña Herminda, ita ta ja addu'a. Aka sa shi kusa da kakata. Kawu Floridor shi ya haƙa kabarin da hannunsa, bai bar kowa ya taya shi ba, kuma tunda muka sauka bai yi wa Mama magana ba.

Bayan an dawo aka cika kicin. Tagogi sun yi gumi, ana soya fanke, ga naman rago a tanda, rigunan mutane suna tururi a jikin murhu. Mama ce babba yanzu, ita ta zauna a kujerar Tata tana zuba mate a ƙoƙo ɗaya da ke zagaya kowa. Ta cika ƙoƙon ta miƙa wa Kawu. Ya karɓa, bai kai baki ba, ya mayar mata ya ce ya gode. A wajenmu ba a godiya sai an ƙoshi, wanda ya gode ya fita daga zagayen ke nan. Kowa ya sunkuyar da kai.

Sai ya ciro wayarsa. Ashe ya adana hoton ranar. Ya miƙa wa na kusa da shi ya ce a duba, a ba na gaba. Wayar ta fara zagaya ɗakin daga hannu zuwa hannu, makiyaya suna riƙe ta nesa da ido suna ƙyafƙyaftawa. Ya ce wuni guda ya zauna yana kallon hanyar nan, fara tas, ba ta rufe ba sai da yamma. Ya ce ya share titin jirgi da kansa, ya kori tumaki daga kai, ya tsaya a ruwa yana sauraron sama. Har ya ji ƙarar inji, ko kunnensa ne ya yi masa gizo, bai sani ba.

"Bayan dutse ɗaya, Ismenia. Kin yi masa alkawari." Ya nuna wayar. "Ga shi kowa ya gani, babu komai a nan. Ƙanƙarar nan wa ya gan ta?"

Ina tsaye a bayan ƙofa, kusa da inda ake rataye riguna. Na san in aka juyo gare ni dole in yi magana, in kuma na fara ban san inda zan tsaya ba, ko zan kai ga abin da mamaci ya raɗa mini, a gaban mutanen da suka zo binne shi.

Mama ba ta ko kalli inda nake ba. Ta zuba ruwan zafi a ƙoƙon da aka mayar mata, ta shanye da kanta.

"Ni nake tuƙi, Floridor. Ni na gani, ni na juya. Laifina ɗaya, na tashi. In kana neman wanda za ka riƙe, ga ni."

Ta sake cika ƙoƙon ta miƙa wa na gaba. Kawu ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya zauna a kan buhun gari ya rufe fuska da hularsa. Wayar kuwa ta isa hannun Doña Herminda. Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta tambaya wai shi wannan farin, sama ce ko hanya. Wani ya ce hanya ce a sama. Wani ya ce a'a, ai gajimare ne babu. Wani can ya ce shi a saninsa gajimare shi ne fari. Nan da nan mutum huɗu suna yi mata bayani lokaci guda, kowa da yatsarsa a kan gilashin.

Na zare rigata daga ƙusa a hankali. Ƙofar baya tana ƙara in aka ja ta da ƙarfi, sai na ɗaga ta kaɗan na tura. Karnukan suna kwance a ƙarƙashin rumfar itace, ɗaya ya ɗaga kai ya kalle ni ya mayar. Na bi ta bayan garke na gangara bakin tafki, ban ji wanda ya kira sunana ba.